Ranar da Tambarin Shabare Ya Taɓa Ƙasa

Ranar da Lambarawa suka cika kwana arba'in a ƙofar Birnin Shabare, rijiyar fada ta daina ba da ruwa. Aka zura guga ya dawo da taɓo, aka sake zurawa ya dawo da yashi. Ni da nake ba ku labarin nan daga gidan makaɗan fada na fito, kuma yadda kakannina suka bar mini shi haka zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

Shabare gari ne da aka kafa a cikin kwarin duwatsu. Dutse gabas, dutse yamma, dutse arewa, sai ƙofa ɗaya tak ta kudu mai fuskantar rafi. Waɗanda suka kafa shi sun sha alfahari wai ba ta inda maƙiyi zai shigo musu. Gaskiya ne kuwa. Abin da ba su tuna ba shi ne su ma ba ta inda za su fita. Gurguzu, Sarkin Lambaru, bai wahalar da kansa da hawan ganuwa ba. Zuwa ya yi ya kafa sansani tsakanin ƙofa da rafi, ya miƙe ƙafa yana jiran ƙishirwa ta yi masa aikin.

Abin takaicin, rabin mayaƙan Shabare suna waje. Galadima Jatau ya tafi da su yaƙin iyaka tun kafin Gurguzu ya iso, kuma kwana tara ke nan da dawowarsa. Yana can hayin rafi a Tudun Gawo, ana hango hayaƙin sansaninsa daga kan ganuwa, amma ko taku ɗaya bai yi ba. Dalili kuwa, a zamanin da an taɓa yaudarar wani Galadima da manzon ƙarya, ya shigo da runduna cikin tarko aka karkashe su. Tun daga ranar duk wanda za a naɗa Galadima sai ya rantse ba zai kawo yaƙi ƙofar gari da maganar bakin mutum ba, sai ya ji taken Sarki da kunnensa, kotso na faɗa, tambarin fada na amsawa. In bai ji ba, to ko dai Sarki ya mutu ko an sayar da gari.

Kwana biyar ana dukan tambura goma sha biyu a ƙofar fada, har hannuwan makaɗa suka kumbura. A banza. Sautin sai ya bugi dutse ya dawo musu, kamar mutum ya tura kai cikin randa yana ihu. Mutanen gari sun kusa kurmancewa, Galadima bai ji kome ba.

A safiyar ranar da rijiyar ta ƙafe ungulaye suka sauka a kan soron fada suka jeru, aka jefe su suka ƙi tashi. Masu duba suka buga ƙasa suka share, suka sake bugawa suka share, aka tambaye su suka ce ba su ga abin faɗa ba. Sarki Nomau ɗan Arzika ya sa a tara majalisa.

Kafin a fara magana dogarai suka shigo da manzon Gurguzu, an ɗaure masa ido da rawani. Da aka kwance shi bai faɗi gaisuwa ba, sai ɗan rusunawa ya yi, yana riƙe da gora a hannu.

Ya ce, "Gurguzu mai Lambaru ya ce a gai da Sarkin Shabare da ƙishirwa. Ya ce gobe kafin rana ta take tsaka a buɗe ƙofa a miƙa masa Sarki, shi kaɗai. Sauran jama'a su sauka rafi su sha, ba mai taɓa su. Sarauta kuma ba zai fitar da ita daga gidan Arzika ba, zai naɗa wanda ya dace."

Daga nan ya cire marfin gorar ya tsiyayar da ruwan a ƙasa, a hankali, a gaban manyan gari da suka kwana biyu ba su sha sun ƙoshi ba. Wallahi an ce har da masu furfura aka ji suna haɗiyar yawu. Madawaki Tunau, shugaban mayaƙan da suka rage a gari, ya zare takobi rabi, Sarki ya ɗaga masa hannu.

Sarki ya ce, "Manzo ba ya mutuwa a zaurena. Ku mayar da shi. Ka ce wa ubangidanka na ji."

Aka fita da shi. Ba wanda ya dubi Ciroma Mantau, ƙanin Sarki, amma kowa shi yake tunani, don duk gidan Arzika in ba shi ba babu wani baligin da za a ce ya dace. Shi kuwa gogan ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa, sai ka rantse bai san abin da ake ciki ba.

Madawaki ya fara magana. "Allah ya ba ka nasara, ina da mutum ɗari huɗu da za su iya ɗaga mashi yau. Gobe ba za su kai ɗari biyu ba. In Galadima ya far musu ta baya, mu muka fito ta gaba, mun gama da Gurguzu. In mu kaɗai ne, mutuwa za mu fita yi. Akwai Tsagar Rema a bayan gari, tana hawa har kan dutse. A kwance kakaki gaɓa-gaɓa a hau da shi, a busa masa daga can."

Sarki ya juya wajen Sarkin Tambura Cindo, tsoho mai shekara saba'in, wanda tun yana saurayi yake kula da tamburan fada. "Sarkin Tambura, me ka gani?"

Cindo ya gurfana. "Ranka ya daɗe, maganar hawa dutse daidai ce, maganar kakaki ce ba daidai ba. Gurguzu na da kakaki ya fi goma, kullum busa su yake don ya ruɗi Galadima. Kuma ba a kan kakaki Galadima ya rantse ba."

Madawaki ya ce, "To a hau da Giwa, ai shi ne babba cikin tambura."

"Haba Madawaki! Ƙarti shida ke ɗaukar Giwa. Tsagar nan mutum a karkace yake bi. Kuma bari in faɗa maka abin da mu makaɗa muka sani, Giwa ƙara gare shi ba zurfi ba. A nan kusa zai cika maka kunne, amma kafin ya ƙetare rafi ya watse. In an yarda mini, abu uku kawai zan zaɓa, kotso biyu da Dunƙule."

Sai aka ji 'yar dariya daga bayan zaure. Dunƙule shi ne mafi ƙanƙanta cikin tamburan nan goma sha biyu, gajere, baƙi ƙirin don tsufa da man shanun da ake shafa masa. In an fito da su ranar biki, can ƙarshe ake ajiye shi inda baƙi ba za su gani ba. Cindo bai kula da dariyar ba, ya sa aka shigo da shi a kan gadonsa na itace, aka kawo kotso biyu.

Ya ce, "Kowa ya ɗora hannu a ƙirjinsa."

Suka dubi juna, amma da suka ga Sarki ya ɗora, kowa ya ɗora. Cindo ya saki duka ɗaya. Ba wata ƙara aka ji ba, sai dai kowa ya ji abu ya ratsa ƙashin ƙirjinsa ya sauka har cikin hanji. Mai dariyar nan ya rufe baki.

Cindo ya ce, "Kun ji ko? Itacensa mai kauri ne, cikinsa zurfi ne da shi, fatarsa ta tsohon bijimi ce ba a ja ta ƙwarai ba. Shi ba ya magana, tafiya yake. Kotso shi ke magana, shi zai faɗi taken Sarki dalla-dalla, amma muryarsa siririya ce, iska kan ɗauke ta. In an haɗa su, Dunƙule zai fara isa ya sa mutum ya bar abin da yake yi ya kasa kunne, sannan kotso ya faɗa masa abin da ake so. Kotso ɗaya dama, ɗaya hagu, a kan dutse mai tudu, su fuskanci rafi. Dunƙule a tsakiya."

Fuskoki suka fara sakewa. Sai Ciroma ya ɗaga kai, ya yi magana cikin murya mai laushi, irin ta mutumin da ya daɗe yana jiran lokacinsa.

"Allah ya ja zamanin Sarki, tambaya ɗaya gare ni. Gadon tambarin nan ya fi shi faɗi. Zai shiga tsagar?"

Cindo ya ce, "Ba zai shiga ba."

"To a kan me za a ɗora shi a can?"

Sarki ya ce wa Cindo ya faɗi gaskiya, tsohon ya gyara zama. Ya ce, "Ranka ya daɗe, za a iya ɗora shi a kafaɗar mutum biyu. Amma jikin mutum shanye sauti yake, rabin murya zai bayar, ban sani ba ko za ta isa. In ana son muryarsa duka, sai an zaunar da shi a ƙasa, a kusurwar da duwatsu biyu suka haɗu, dutsen ya karɓa ya tura."

Zaure ya kaure da salati. Ga abin da ya sa. A Shabare tambarin fada ba ya taɓa ƙasa muddin akwai Sarki a kan gado. Ranar da Sarki ya rasu ko aka tuɓe shi, ranar ake sauke tambura a kwantar da su a ƙasa. In kuwa ɗaya ya taɓa ƙasa Sarki na raye, ko da kuskure ne, sarautarsa ta ƙare nan take, ba roƙo ba biko. Kada ku tambaye ni hikimar abin, ni ma ban gan ta ba, haka aka gada.

Ciroma ya miƙe tsaye, har da ƙwalla a ido, munafuki. "Ni ba zan zauna in ga an tozarta gadon ubana ba! A hau da shi a kafaɗa, amma lalle a tura shaida, kada wani ya yi abu a ɓoye ya dawo ya ce bai yi ba. Magajiya ce mai riƙon al'adun gidan nan, ita za ta je."

Kowa ya gane lissafinsa. In Galadima bai ji ba, gobe Gurguzu ya naɗa shi. In tambari ya taɓa ƙasa, masu zaɓen Sarki su naɗa shi. Ta ko'ina shi ke da riba, kuma ba mai iya cewa ya faɗi abin da ba ya cikin doka.

Magajiya, gwaggon Sarki, ta dube shi sama da ƙasa. "Mantau, ni za ka tura hawan dutse da tsufana? To zan je. Allah ya nuna mini ranar da kai ma za ka hau wani abu da ƙafarka."

Sarki Nomau ya daɗe yana kallon wurin da manzo ya zubar da ruwa, har ya fara bushewa. Sannan ya ce, "Madawaki, ka shirya mutanenka a bayan ƙofa. In ka ga tutar Galadima ta ƙetare rafi, ka buɗe. Sarkin Tambura, ɗauko kayanka. Da ni za a hau."

Aka yi caa ana ba shi haƙuri, ya miƙe, magana ta ƙare.

Da hantsi suka shiga Tsagar Rema su bakwai: Sarki, Magajiya, Cindo, makaɗan kotso biyu, da ƙarti biyu masu ɗaukar Dunƙule. Wurin ba a ganin sama sai wani siririn haske can ƙololuwa. Dutse a ƙirji, dutse a baya, ga zarnin fitsarin rema, ga zafi ba iska. A wasu wuraren sai mutum ya fitar da numfashi kafin ya wuce. Dunƙule kuwa sama da kai aka riƙa miƙa shi daga hannu zuwa hannu, don ko gefensa ba a so ya sauka. Rigar Sarki ta yage, fatar kafaɗarsa ta saluɓe. Magajiya tana hawa tana tsine wa wanda ya fara kafa gari a wannan rami, ba mai ƙarfin ba ta amsa. Sau biyu ƙartin nan suka tsaya don gajiya, ba damar gaba ba damar ajiyewa, sai Sarki ya sa kansa ƙarƙashin tambarin suka huta.

Rana ta take tsaka suka fito kan dutse. Daga nan kome a fili yake. Ga Shabare a ƙasa, mata sun kewaye rijiyar fada da tulunansu suna zaune kawai. Ga sansanin Gurguzu ya rufe bakin rafi. Ga Tudun Gawo can hayi, dawakin Galadima a ɗaure, mutanensa na kai da komo ba abin da ya dame su.

Cindo ya tsayar da makaɗan kotso dama da hagu, ƙarti suka saɓa Dunƙule a kafaɗa. Aka fara. Kotso na kiran Nomau ɗan Arzika, tambari na amsawa. Suka yi ta yi har inuwa ta karkata. Sarki ya kafa wa Tudun Gawo ido har hawaye na zuba don hasken rana, ko doki ɗaya ba a kwance ba.

Waɗanda suka ji su ne Lambarawa, don su ne kusa. Aka ga maharbansu sun fara hawowa ta bayan dutse, suna laɓewa suna matsowa.

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ta isa. Na yi iyakar ƙarfina."

Kibiya ta farko ta bugi dutse ta karye. Ta biyu ta sami ɗaya daga cikin ƙartin a wuya. Yana faɗuwa tambari ya sulluɓo, Sarki ya yi tsalle ya rungume shi a ƙirji, saura ɗan taki ya kai ƙasa. Ya tsaya haka a durƙushe yana haki, nauyin na jan sa.

Magajiya ta matso. Ba ta ce Zaki ba, ba ta ce ranka ya daɗe ba. Ta ce, "Ɗana, ni tsohuwa ce, idona ba ya gani sosai. Zan juya in kalli gari. Abin da ban gani ba, ba zan faɗa ba."

Sarki ya dubi Cindo. "Zai ɓoyu?"

Cindo ya girgiza kai yana kuka. "Ba zai ɓoyu ba. Duk makaɗin da ke sansanin Galadima, da duk wanda ke fada, da ya ji zai san ƙasa ce ta karɓa. Muryar daban ce. Ka ba ni in ajiye da hannuna, a ce ni na yi."

"Ko wa ya ajiye, ni za a tuɓe. Kai kuma a kashe ka a banza." Ya juya wajen Magajiya. "Gwaggo, kada ki juya. Shaida aka aiko ki, ki kalla da kyau."

Ya miƙe da tambarin a rungume, ya taka zuwa inda duwatsu biyu suka haɗu, ya zaunar da shi a ƙasa, ya gyara masa zama har ya manne da dutsen. Duk lokacin da na zo nan a labarin sai zuciyata ta karye, ban iya hanawa.

Ya ce, "Buga, Cindo."

Cindo ya buga. Dutsen gaba ɗaya ya amsa a ƙarƙashin ƙafafunsu, tsakuwa ta riƙa gangarawa, remaye suka fito daga ramuka a guje. Ya sake bugawa, ya sake, kotso suka hau kai suna kiran sunan mutumin da ya riga ya daina zama Sarki. Can hayi aka ga mutane sun tsaya cak. Sai aka ga suna gudu wajen dawaki. Ba a jima ba gangar yaƙin Galadima ta amsa, tutarsa ta ɗaga ta nufo rafi.

Maharban da ke hawowa suka waiga, suka ga abin da ke tafe, suka juya. Gurguzu ya kwana arba'in yana fuskantar ƙofa, bai tanadi kome ta baya ba. Galadima ya ƙetare ruwa ya faɗa musu ta wajen kayan abinci da turakun dawaki, Madawaki ya buɗe ƙofa ya fito da mutanensa, leɓunansu a tsage, ba su ma da yawun yin kirari. Lambarawa suka rasa ta inda za su juya, wasu suka faɗa rafi da sulke a jiki ba su fito ba. Kafin la'asar Gurguzu ya tsere da ɗan abin da ya rage masa, ya bar laimarsa a kafe.

A kan dutse ba wanda ya yi guɗa. Nomau ya warware rawaninsa, ya ninke, ya miƙa wa Magajiya ya ce ta kai wa masu zaɓe. Ta karɓa da hannu biyu. Suka ɗauki gawar ƙaton nan suka sake shiga tsagar.

Da suka sauko bayan gari, tuni aka fara jin busar murnar sarauta daga ƙofar gidan Ciroma. Jama'a kuwa ba ta wannan suke ba, kowa ya nufi ƙofar kudu, mata da tuluna, maza da salka, har da masu rarrafe. Nomau ya tsaya a tsakiyar hanya, kai ba rawani, riga a yage, jini ya bushe masa a kafaɗa. Aka riƙa wuce shi ana bangaza, ba wanda ya dube shi sau biyu.

Wata tsohuwa ta taho da tulu a ka da jikarta goye a baya, yarinyar ko motsi ba ta yi. Ta iske shi ya tare hanya.

Ta ce, "Kai malam, matsa mana! Ba ka ga an buɗe ƙofa ba ne?"

Cindo ya buɗe baki zai yi magana, Nomau ya riƙe masa hannu. Ya matsa gefe ya manne da katanga.

Ya ce, "Yi haƙuri, Iya. Wuce ki ba ta ruwa."